Madubin hangen nesa ko Kestrel: wanne za a fara saye don karanta iska?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambayi wanne za ka fara saye don karanta iska a harbin allo daga nesa. Tunda kuɗin abu ɗaya ne a hannunka, tsakanin madubin hangen nesa da ma'aunin iska na Kestrel, ɗauki madubin. Ina da su duka biyun. Madubin ne kullum a gefen tabarmar harbi, shi kuwa Kestrel a jaka yake yini.

Kestrel iskar da ke bugun hannunka kaɗai yake aunawa, harsashi kuwa ba a hannunka yake tafiya ba. A yadi 1000, wato mita 914, harsashi samfurin .308 mai nauyin giren 155, wato kusan giram 10, yana ɗaukar kusan daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya isa allo, kuma a tsakiyar hanya yakan hau kimanin mita 3 sama da layin saiti, inda iska ta fi ta ƙasa ƙarfi. Iskar kilomita 16 a awa, in ta zo ta gefe sosai, tana ture shi mita 2 zuwa 2 da rabi. To zoben babban maki a allon F-Class, wani rukuni na gasar harbin nesa, a wannan nisa faɗinsa inci 10 ne kacal, na cikinsa kuma inci 5. Lissafa da kanka: ka yi kuskuren kilomita 2 a awa, harsashi ya kauce santimita 25 zuwa 30, maki ya tafi. Wannan kilomita 2 ɗin kuwa galibi can tsakiyar fili take ɓuya, wajen wani kwari ko giɓin itatuwa, inda na'urar da ke hannunka ba ta da labari.

Madubi shi ke nuna maka wannan iskar, ta hanyar kawalwalniya. Mu nan Kaduna Allah ya hore mana ita: daga Maris zuwa Afrilu, da hantsi ya ɗaga, ƙasa ta ɗau zafi, ba sai ka wahala wajen nemanta ba. Ga yadda ake saita shi. Ka fara gyara ganin madubin a kan allo har lambar allon ta fito tangaran. Sai ka murɗa zoben baya a hankali, ganin ya dawo tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku na hanya. Allon zai ɗan dushe, amma za ka ga iska tana gudana a gabansa. Ka sa ido a gefen saman allo ko wani layi miƙaƙƙe, nan motsin ya fi fitowa. Kada ka tura ganin ya wuce allo, domin iskar bayan allo babu ruwan harsashinka da ita. Ƙarfin zuƙowa 20 zuwa 25 ya wadatar. Masu kai shi 60 da rana tsaka ba abin da suke gani sai kunu.

In kawalwalniya tana tashi sama tsaye kamar tana tafasa, ko dai babu iska, ko kuma iskar daga gabanka ko bayanka take. In ta ɗan karkata, kilomita 2 zuwa 5 ke nan. In ta kwanta tana tafiya da manyan lanƙwasa, wajen 6 zuwa 12. In lanƙwasar ta ƙanƙance ta koma layi siriri mai sauri, ta doshi 19. Daga kusan 20 zuwa sama ta baje, ba ka ƙara bambance ƙari da raguwa, sai ka koma kan tutocin fili. Waɗannan ƙiyasi ne, kowane ido da yadda yake sabawa, amma abin da ke kawo maki shi ne ganin canji da wuri, kuma kawalwalniya tana rigan tuta nuna shi, domin tuta ƙyalle ce mai nauyi, sai iska ta ɗauki lokaci kafin ta ɗaga ta ko ta sake ta.

Madubin yana ba ka kusurwa ma. Ka juya shi a hankali hagu ko dama har ka sami inda kawalwalniya ta daina gudu ta koma tafasa: layin iskar ke nan. Daga nan sai lissafin agogo, allo yana ƙarfe 12. Iskar ƙarfe 3 ko 9 cikakkiya ce. Ta ƙarfe 2, 4, 8 da 10 kusan tara cikin goma, ba kashi biyu cikin uku ba kamar yadda ido ke raya wa mutum. Ta ƙarfe 1, 5, 7 da 11 rabi. Nan ne sababbi ke faɗuwa: iska daga 12 ta ɗan gusa zuwa 1, mutum na ganin ai ba wani abu ba ne, alhali daga sifili ta kai rabin ƙarfinta. Gyaran kuma zuwa ɓangaren da iskar ke fitowa ake murɗa shi. Da MOA ake auna gyaran, wato ma'aunin kusurwa na saiti: MOA ɗaya kusan santimita 3 ne a mita 100, kusan 27 a yadi 1000, kuma yawancin saiti kilik huɗu, wato takun murɗawa huɗu, ne MOA ɗaya. Waccan iskar ta kilomita 16 ke nan MOA 8 zuwa 9.

Kafin a ba da izinin harbi, ka samu minti goma kana kallo kawai. Ka gano yanayin da ya fi daɗewa, ka gano mafi ƙarfi da mafi rauni, ka rubuta gyaran kowanne a littafinka. Harbin gwaji a kan yanayin da ya fi daɗewa ake kashe shi, ba a kan wata iska da ta zo wucewa ba. Madubin ya tsaya dab da idonka na hagu in kai badame ne, yadda za ka leƙa ba tare da ka ɗaga gwiwar hannu ko ka saki gindin bindiga daga kafaɗa ba. Leƙa, koma saiti, matsa kunama a hankali cikin 'yan daƙiƙu, sake leƙawa nan take don ka ga ko iskar da ka harba a cikinta tana nan. Wanda ya daɗe yana saiti, iskar da ya karanta ta riga ta wuce. In kawalwalniya ta koma tafasa a tsakiyar zagaye, dakata in lokaci ya bari, domin sau da yawa alama ce iska za ta juya. A tsarin da ake harbi mutum biyu ko uku a allo ɗaya, irin na Bisley a Ingila, daƙiƙa 45 gare ka a kowane harbi, don haka babu dogon jira, sai ka dogara da gyare-gyaren da ka rubuta. Ka kuma riƙa duban inda harbin abokin allonka ya faɗa, ilimi ne kyauta.

Akwai maganar doka kuma. A ƙa'idar ICFRA, ƙungiyar duniya ta gasar harbin nesa, wadda ake bi a manyan gasannin duniya irin su Palma mai yadi 800, 900 da 1000, ba a yarda mai harbi ya zo da ma'aunin iska nasa layin harbi ba. Madubi kuwa kowa da nasa. Wato abin da za ka zuba kuɗi a kai, ranar gasa a bayan layi za ka bar shi.

Ban ce Kestrel ba shi da amfani ba. Yana koya wa fatarka sanin bambancin iskar kilomita 8 da ta 12, kuma samfurinsa na 5700 yana auna zafi da matsin iska ya fitar maka da gyaran sama da ƙasa. Manhajar waya da ƙaramin ma'auni mai araha za su yi maka mafi yawan wannan.

Inda madubi ke gazawa shi ne hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, da sassafe, ƙasa da sanyi, kawalwalniya ba ta tashi, hazo kuma ya rufe allo. A irin wannan rana tuta, ƙura da kan ciyawa su ne abin dubawa, sai dai ko su ɗin ta cikin madubi za ka gan su a mita 600. Sauƙin hunturu shi ne iskar ta fi tsayawa a arewa maso gabas. Farkon damina ne mai wuya, lokacin da iska ke wasa da wutsiya, yanzu dama, an jima hagu. Kuma ka rufe akwatin harsashi daga rana, domin harsashin da ya gasu yana fita da ƙarin gudu, ya faɗa sama, ka ɗora wa iska laifin da ba nata ba.

Koyon wannan ba ya buƙatar bindiga. Gona ko filin ƙwallo da littafi sun isa: ka ƙiyasta, ka rubuta, ka duba tuta ko ƙura ka gani ko ka dace. Amma don Allah kada ka je ka kafa madubi a kusa da bariki, makarantar soja ta NDA ko filin jirgi. Ka san garin nan.

Abin da za ka nema: gilashin gaba milimita 60 zuwa 82, wurin sa ido mai kusurwa ba miƙaƙƙe ba, kuma mai barin tazarar ido mai tsawo, wajen milimita 25 zuwa 30, don ka gani ko da tabarau a fuskarka. Mai ƙarfi ɗaya tsayayye, 25, ya fi mai zuƙowa na araha haske. Madubin kamfanin Kowa na Japan sananne ne a wurin 'yan gasa, na hannu mai kyau ya fi sabo marar suna. Ka ware kuɗin mariƙi gajere mai nauyi na harbi a kwance, domin madubin da ke rawa ba ka bambance rawarsa da ta iska.

Sai 'yan kasuwa, ko da ba ka tambaya ba. Facebook da WhatsApp cike suke da madubai masu tambarin manyan kamfanoni, ciki kuwa gilashin roba. Kada ka tura ko sisi kafin ka riƙe shi a hannu. Ka gwada shi a waje da rana, ba cikin shago ba: karanta lambar mota a mita 200, duba gefen farin bango ko akwai ja da shuɗi suna fitowa, murɗa zoben gani ka ji ko yana sulɓewa. Na hannu kuma ka haska tocila ta gilashin gaba, in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce ta damina, ajiye masa kayansa. Wanda kuma ya biyo ka ta akwatin saƙo yana cewa yana da bindiga "da takardunta", toshe shi. A dokar makamai ta Najeriya har bindigar iska sai da lasisi, lasisin kuma ta hannun 'yan sanda yake fitowa da sunanka, ba ɗan kasuwa ke haɗa maka shi da kaya ba.