Kafin ka sayi na'urar auna sitacin inabi, karanta wannan

Wani yayana da ya dasa inabi a wajen Kadawa ya kira ni shekaranjiya wai an yi masa tallan wata 'yar na'ura da ake haska reshe da ita ta faɗa maka ko kurangar ta ƙoshi, ya saya ko kar ya saya? Na ce Yaya dakata tukuna, kuɗin taki ma ya aka ƙare da shi.

Ita fa kurangar inabi rumbu gare ta. Abincin da ganye ya haɗa, wanda 'ya'ya ba su cinye ba, sai ta mayar da shi sitaci ta ɓoye, mafi yawa a saiwa, saura a gindi da rassa. Ranar da ka datse ta ka bar ta ba ganye, da wannan ajiyar take fitar da sabon toho har zuwa wajen lokacin fure. A Turai sanyi na sa ta barci ta huta, mu nan ba irin wannan sanyin, in ka matsa mata da ɗaukar 'ya'ya sai rumbun ya ƙare, bana ka ga fure ya zube ka ce ido ne.

Hanya mafi araha ta duba wannan sitacin ita ce ruwan aidin na kemis. Ka yanki reshe ko 'yar saiwa, ka ɗiga a wurin yankan, in ya koma shuɗi mai duhu kamar baƙi to akwai sitaci, in ya tsaya ja-ja to da sauran aiki. Ba zai ba ka lamba ba, ido ne alƙali, amma ga mai kuranga hamsin ko ɗari wallahi ya wadatar.

Ɗakin gwaji kuwa su busar da samfurin reshe ko saiwar da ka kai su niƙa su narkar da sitacin ya koma suga su auna. Lambarsu ce ta gaskiya, sai dai jira da kuɗin mota.

To sai ita na'urar da aka yi wa Yaya talla, da infirared take aiki. Infirared haske ne da ido ba ya gani, tun 1800 masanin taurari William Herschel ya gano shi, na'urar tana jefa shi kan itace ta karanta wanda aka shanye da wanda ya dawo, sitaci da ruwa kowa da irin shan da yake yi. Kuma na'urorin iri-iri ne, kowace da iyakar zangon hasken da take iya karantawa, da nanomita ake auna shi. Ƙananan na aljihu wasu iyakarsu kusan nanomita 1000, masu ɗan tsada su kai 1700, manyan na kan tebur har 2500. Ruwa yana shan hasken sosai wajen 1450 da 1940, shi ya sa ɗanyen reshe ke rikita karatun, masu bincike a Ostiraliya da suka yi wannan aikin a kan inabi galibi busasshen garin itacen suka yi ta aunawa, ba haska bishiya a tsaye ba kamar yadda mai talla ke nunawa.

Abin da ba sa faɗa maka shi ne na'urar ita kaɗai ba ta san sitaci ba, sai an horar da ita da samfura masu yawa da aka riga aka auna a ɗakin gwaji. Don haka ka tambaye shi, da itacen inabi aka saita ta ko da masara? Irin namu ko na wata ƙasa? Tana aiki ba intanet, ko kullum sai da data da kuɗin wata-wata? In ta lalace wa zai gyara a Kano? Kuma kar a haɗa ka da 'yar na'urar auna zaƙin 'ya'ya, waccan suga take aunawa a ruwan inabi, ba ruwanta da sitacin saiwa.

Ni dai na ce wa Yaya ya sayi aidin bana, ya riƙa rubuta abin da ya gani kafin kowace datsa. In ƙungiyarsu ta yi ƙarfi su yi karo-karo su sayi guda ɗaya mai kaiwa 1700, da sharaɗin mai sayarwa ya gwada ta da rassan gonarsu a gabansu.