Mai "maganin narkar da kitse" ya cuce ni, ku yi hattara

Albashina na wata biyu cur. Wata biyu! Kuma da hannuna na tura masa, har sau uku, ba wanda ya tilasta ni.

An haifi 'yata da manuni da yatsan tsakiya na hannun dama sun fi sauran girma. Da aka yi hoton MRI, likita ya ce kitse ne da zaren nama suka yi yawa a cikin jijiyar da ke bi ta tsakiyar wuyan hannu. Ya nuna min, kamar an yanke kebul ana ganin ƙananan wayoyin ciki, kitse ya zagaye kowace. Ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa. Ya faɗa min ƙarara babu maganin sha ko na shafawa da ke narkar da shi. In ya matse jijiyar, aiki ake yi a sassauta wurin, ba a ma son cire shi duka saboda jijiyar za ta tafi tare da shi.

Duk na ji da kunnena. To me ya kai ni?

Ni fa ba sakarya ba ce. Kwana biyar na yi ina yi wa mai maganin tambayoyi kafin na tura ko sisi. Abin da ya kama ni, ban faɗa masa ba ya ce, "Hajiya, da dare hannun ya fi damunta ko? Yatsun suna mata kamar ana tsira allura?" Wallahi haka ne. Da dare. Ina ta maimaita maganar nan a raina. Sai daga baya na gane duk jijiyar da aka matse a wuyan hannu haka take yi, ko'ina ya karanta zai gani.

Kwalba shida, ya ce, yatsun za su koma daidai. Kuɗin farko na kwalaben ne, a'a, na farko "kuɗin ajiye min" ne, sannan na kwalabe, sannan na kawowa. Kafin na ukun ma ya turo hotunan wani yaro, wai kafin magani da bayansa. Jiya na ƙura ido na ga hannun hagu ne da na dama.

Kwalba biyu suka iso cikin shidan. Mai ne mai yaji, ya sa mata ƙuraje, yatsun suna nan yadda suke. Na yi magana ya yi bulokin ɗina. Mahaifinta bai sani ba har yanzu. Albashin wata biyu.

Hotunan hirarmu da rasit ɗin banki uku duk suna wajena, zan ɗora su anjima in na rufe fuskar yarinyar.

Duk wanda ya ce muku yana narkar da irin wannan kumburin da mai ko ƙwaya, kada ku tura komai. Ku koma wurin likitan ƙashi ko na jijiya. Mu jibi za mu koma, ban san da wane ido zan kalle shi ba.