Android ko iPhone: abin da za ki samu da abin da za ki bari

Hajiya, kin tambaya ko ya dace ki bar Infinix ɗinki ki koma iPhone, saboda manhajoji sun dame ki da neman izinin shiga lambobinki da hotunanki. A ganina iPhone ta fi tsare sirri tun daga kwali, Android kuma ta fi sakar wa mai ita linzami.

Tun watan Afrilun 2021 Apple ya wajabta wa kowace manhaja ta nemi yardarki kafin ta bi sawunki zuwa wasu manhajoji domin talla, idan kika ƙi kuwa an hana ta lambar tallarki, wato lambar da masu talla ke gane wayarki da ita. Shi Google mafi yawan kuɗinsa daga talla yake samu, don haka a Android ke ce za ki shiga saiti ki goge wannan lamba da hannunki. Duk da haka daga Android 12 ɗigon kore yana bayyana a saman allo idan aka kunna kyamara ko makirufo, akwai kuma shafin da ke nuna manhajar da ta leƙa inda kike cikin awa 24. Matsalar ita ce wayoyi masu araha sukan daina samun sabuntawar tsaro da wuri, alhali iPhone takan samu na shekara biyar ko fiye.

Ta fuskar iko kuwa Android ce a gaba. Kina iya saka katin memori a da yawa daga cikin wayoyinta, ki sa layi biyu, ki karɓi manhaja ta Xender ba tare da data ba. A nan ne kuma haɗarin yake, domin na ga magidancin da manhajar bashi ta aika wa surukansa saƙon cin mutunci, bayan wani yaro ya tura masa ita a shagon caji shi kuma ya danna amincewa bai karanta ba. A Najeriya mai iPhone ba shi da hanyar sauke manhaja sai App Store, wanda takura ce, amma tana toshe wannan kafa.

Idan kin yanke shawarar komawa, musamman idan ta hannu za ki saya a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, kada ki biya sai mai shago ya fitar da iCloud, wato asusun Apple, na tsohon mai ita a gabanki, domin wayar da ke kulle da asusun wani ba ta da amfani gare ki. Ki duba ramin layi kuma, tunda daga iPhone 14 waɗanda aka yi don kasuwar Amurka eSIM kaɗai suke ɗauka, wato layin da ba na kati ba. Hirarrakinki na WhatsApp ba za su dawo daga Google Drive ba, amma kina iya kwaso su ta manhajar Apple mai suna Move to iOS, ita kuma tana aiki ne lokacin da ake saita wayar tun farko, saboda haka kada ki sayar da Infinix ɗin sai kin ga saƙonninki sun sauka.