Gargaɗi ga masu manyan babura: ana sayar da tel taidi na jabu a Instagram

Assalamu alaikum 'yan'uwa mahaya. Abin da ya same ni watan jiya nake so ku ji, kafin wani ya sake tura wa mai sayar da kayan nan kuɗinsa.

Babur ɗina Yamaha MT-07 ne, ƙirar 2017. Duk mai irinsa ya san dogon madigadin nan na baya da ke ɗauke da lamba da sigina. Na daɗe ina son cire shi in sa gajeren ƙarfen da muke kira tel taidi, wanda ke maido da lamba ƙarƙashin wutsiya. Sai na ci karo da wani shafi cike da hotuna masu kyau, mai shi yana cewa kayan kamfanin R&G ne na Ingila, sababbi dal a kwali. Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin abin da ke shafin kamfanin ba. Na tambayi dalili, ya ce ragowar kaya ne, saura biyu kacal. Na ce ya ɗauko min bidiyon kayan a hannunsa, ya ce yaron shago ya kulle ya tafi da makulli. Tun nan ya kamata in tsaya. Na tura naira dubu 45, a asusun da sunansa bai yi kama da na shagon ba.

Kayan sun iso tasha cikin baƙar leda, babu kwali, babu takardar da ke nuna yadda ake ɗaurawa. Tambarin kamfanin ma sitika ce aka manna. Makanikena ya juya ƙarfen, ya ɗora masa maganaɗisu, ya kama caraf. Ya ce, "Maigida, wannan falankin ƙarfe ne aka lanƙwasa aka fesa wa fenti." Na kirki da alminiyam ake yin su ko ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma kowane babur da nasa, har shekarar ƙira ake dubawa, shi ya sa ramukan noti ke faɗawa daidai ba tare da an taɓa komai ba. Wannan kuwa sai da aka huda masa sababbin ramuka. Fitilar lambar ba ta da soket, wayoyi ne guda biyu sirara kamar zare, dole mai rewaya ya yanka wayar babur ya haɗa. Siginonin LED da mai sayarwar ya haɗo da su suka kama ƙiftawa da sauri kamar ƙwan sigina ya mutu, domin ba sa jan wuta kamar ƙwan asali, kuma bai sako rizisto ko rile ɗin da ke gyara hakan ba.

Duk wannan na haƙura da shi. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne daren da nake dawowa daga Zariya zuwa Kaduna. Girgizar inji da ramukan hanya sun tsaga ƙarfen daidai inda aka lanƙwasa shi. Lamba ta sunkuyo, taya ta kama ta, ta fizge wayar, fiyus ya ƙone, fitilar baya ta ɗauke. Ni kuwa ban sani ba, ina ta tafiya cikin duhu, tireloli na bayana. Wani direban mota ne, Allah ya saka masa da alheri, ya jero da ni yana ta hon har na tsaya. Da na ga bayan babur ɗin, sai da jikina ya yi sanyi. Lambar ta lauye, harafi biyu sun goge, kuma kun san fita da lamba irin wannan a gaban 'yan rodsefti neman magana ne.

Washegari na tura masa hotuna. Ya karanta, ya toshe ni. Bayan mako guda shafin ya sauya suna, amma hotunan su ne dai, kuma da na bincika na tarar daga shafin kamfanin ya kwaso su. A cikin abokan hawanmu akwai wanda ya biya shi, shi ko leda bai gani ba.

In za ku saya, ku fara duba lambar kayan da farashinsu a shafin kamfanin, ku tabbatar na ƙirar babur ɗinku ne. Ku nemi bidiyon kwalin da abin da ke ciki, tare da takarda mai ɗauke da sunanku da kwanan wata. Wanda ya ƙi yarda a biya bayan an ga kaya, ku bar masa abinsa. Bayan an ɗaura, mutum biyu su hau su danna bayan babur, a ga ko taya na kusantar lamba. Kuma don Allah kada ku yar da madigadin asali. Nawa ne ya cece ni, shi na mayar.

Na kai ƙorafi banki da shaidar tura kuɗin da hirarmu gaba ɗaya. Wanda mutumin nan ya taɓa, ya adana nasa shaidun, ya kai shi ma.