Bandcamp ko Spotify ga Tsofaffin Mawaƙan Punk?

Ana yawan tambayata inda ya dace tsofaffin mawaƙan punk (wani salon kiɗan rock) da suka kafa sabuwar ƙungiya su ɗora waƙoƙinsu: Bandcamp, shafin intanet na sayar da waƙoƙi, ko Spotify, manhajar sauraron waƙoƙi ta intanet. A Bandcamp mawaƙi ne yake yanke farashi, kamfanin ya ɗauki kashi 15 cikin ɗari na cinikin waƙa, kuma ana iya sayar da faifai da riguna, abin da ya yi daidai da al'adar punk ta dogaro da kai. A Spotify kuwa ba a ɗora waƙa sai ta hannun dillali irin kamfanin DistroKid, kuma tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin shekara ba, ko sisi ba ta kawowa. Bandcamp ya fi dacewa da mai tsofaffin masoya masu saye, Spotify kuma da mai neman kunnen matasa.