Naman Shanu a Amurka: Abin da Gishiri Ke Iya Yi Masa da Abin da Ba Ya Iyawa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Tambayar da ke yawan zuwa ita ce me ya sa naman da ake gasawa a nan Amurka, wanda suke kira sitek, yake da taushi har wuƙar tebur ta yanka shi, kuma ko gaskiya ne gishiri ne sirrin. Gishiri yana da nasa rabon, amma yawancin aikin an gama shi tun kafin naman ya iso kanti.

Shanun da ake yankawa don sitek galibi ba su cika wata 30 ba, kuma a watannin ƙarshe a killace suke ana ɗura musu masara, shi ya sa kitse ke ratsa cikin tsokar siriri-siriri. Da wannan kitsen Ma'aikatar Noma ta ƙasar ke raba nama daraja-daraja: Prime ne a sama, sai Choice, sai Select mai ƙarancin kitse. Sannan ba a sayar da yankan yau. Ana rufe naman a ledar da aka zuƙe wa iska, a ajiye cikin sanyi mako biyu zuwa uku, wasu sinadarai da ke cikin tsokar su sassauta ta da kansu. A Ingila ma kwanakin ne abin talla, za ka ga 21 ko 28 a jikin fakiti. Naman da muka saba da shi kuwa na dabbar da ta yi shekaru tana tafiya ne, a yanka da asuba a dafa da rana, daidai lokacin da tsoka ke sanƙarewa. A ganina ya fi na nan ƙamshi da ɗanɗano, amma tauri dole ne.

Ga yadda gishirin ke aiki. Minti 3 zuwa 4 da barbaɗa shi, za a ga ruwa ya fara tsattsafowa ɗigo-ɗigo a fuskar naman. Zuwa minti 10 ko 15 ruwan ya kwanta, gishirin ya narke a ciki. Wannan ruwan gishirin ne ke narkar da wani ɓangare na furotin ɗin tsoka, zaren naman ya saki, ya sake tsotse yawancin ruwan. Wajen minti 45 fuskar ta kusa bushewa. Tsokar da ta saki haka ba ta matsewa sosai a kan wuta, don haka ba ta zubar da romonta. Taushin da ake ji ke nan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora naman a tsakiyar wannan lokaci. Ruwan yana waje, sai ya zuba a kasko, zafin kaskon ya faɗi, naman ya dahu a tururi ya fito toka-toka ba tare da ya yi ja ba. Ko dai a sa gishiri a ɗora nan take, ko a haƙura ya wuce minti 45.

Awo da sikeli ya fi: giram 8 zuwa 10 na gishiri ga kilo ɗaya na nama. A nan da laba ake sayarwa, laba ɗaya giram 454, wato kusan giram 4 ke nan. Cokali yana yaudara saboda gishirin kantunan nan iri-iri ne. Cikin cokalin shayi na garin gishirin tebur kusan giram 6 ne, na kamfanin Morton mai tsakuwa kusan giram 5, na kamfanin Diamond Crystal kuwa bai kai giram 3 ba don ƙwayoyinsa holoƙo ne. Wanda ya bi littafin girkin da aka rubuta da Diamond Crystal alhali garin gishiri ne a hannunsa ya ninka awo, abinci ya yi zartsi. Mai tsakuwa ya fi daɗin aiki don yana kamuwa a yatsu kuma ana ganin inda ya sauka, amma in ya narke duk gishiri ɗaya ne.

A goge naman da tsumma mai tsabta, a barbaɗa gishirin daga ɗan sama a fuska biyu har da gefe, a ɗora a kan ragar ƙarfe da faranti a ƙasa, a sa a firiji a buɗe, a can ƙasa inda ba zai ɗiga kan wani abinci ba. Ma'aunin zafin firijin kada ya haura digiri 4 na Celsius. Yanka mai kaurin santimita 3 yana son kwana ɗaya, domin gishiri a hankali yake shiga ciki. Washegari za a ga naman ya ƙara duhun ja, fuskar ta bushe har tana ɗan ɗanko. Haka ake so, ba lalacewa ya yi ba. In ya haura kwana biyu sai bayansa ya ƙeƙashe, cikinsa ya yi tsauri. Siririn yanka awa ɗaya ta ishe shi.

Akwai masu binne naman cikin gishiri, awa ɗaya ga kowane inci na kauri, sannan su wanke. Ba na ba da shawararsa. Da an ɗan makara ya yi zartsi, kuma wankin yana mayar da ruwan da aka sha wahalar busarwa.

Inda gishiri ya gaza shi ne jijiya. Naman kafaɗa, wuya da ƙwauri cike yake da ita, kuma ko kwana uku ya yi cikin gishiri tana nan yadda take. Abin da ke narkar da ita dahuwa ce a ruwa, kan wuta kaɗan, awa biyu zuwa uku. Don haka sayen mai arha da fatan gishiri ya mayar da shi na gadon baya ɓata kuɗi ne. Naman cinya da na gefen ciki su ne a tsakiya: gishiri yana taimaka musu, muddin bayan gashi an yanka su siriri a gicciye da zaren tsokar.

A riƙa karanta takardar fakiti. Wani naman an riga an yi masa allurar ruwan gishiri, kuma doka ta sa a rubuta kashi nawa ne; wannan ba a ƙara masa. Naman kosha na Yahudawa, wanda wasu Musulmi ke saye in halal ya yi nisa, shi ma an jiƙa shi an shafe shi da gishiri awa ɗaya don fitar da jini, sai a rage awo. Wani kuma an caccake shi da allurai ko ƙananan wuƙaƙe na inji don ya yi taushi, kuma tun 2016 wajibi ne a rubuta hakan, saboda alluran suna tura ƙwayoyin cuta daga waje zuwa ciki. Irin wannan lallai tsakiyarsa ta kai digiri 63, a bar shi ya huta minti 3. Garin tausasa nama da ake sayarwa a kwalba kuwa yawancinsa gishiri ne da ɗan sinadarin gwanda ko abarba. Yana cin jijiya, amma a fuska kawai yake aiki, in ya daɗe wajen ya yi laɓo-laɓo ciki na nan da taurinsa. A shagunan halal sau da yawa ba a rubuta daraja ko kwanaki, sai a tambayi mahaucin yaushe aka yanka, a kuma ce ya yanka da kauri.

Ga mai naman yankan yau, kada ya fara da gishiri, kada kuma ya jefa shi firiza da ɗuminsa. Tsokar da ta daskare kafin ta gama sanƙarewa tana tsukewa in ta narke, ta zubar da ruwa, ta fi da tauri. A ba shi kwana 2 zuwa 3 a firiji, in dai wuta tsayayya ce, sannan gishiri. Wanda ba ya cin nama da ja a ciki, sai ya kai digiri 71, shi ya fi kowa cin ribar gishirin kwana ɗaya, domin a wannan zafin naman da ba a yi wa komai ba ya riga ya bushe.