Hular hannu ko ta inji: wacce za ka saya kafin Sallah?

Duk wanda ya shiga layin 'yan hula a Kasuwar Kurmi ana gab da Sallah, kaya iri uku zai tarar: hular da aka ɗinka da hannu, da wadda inji ya ɗinka, sai wadda aka buga wa zane kawai kamar atamfa. Wannan ta ukun a bar wa yara su je yawon Sallah da ita.

Ta inji ba ta da laifi a ido. Layinta a miƙe, zanen dama daidai da na hagu, ga sauƙin kuɗi. Matsalarta ita ce in ka je ɗaurin aure za ka haɗu da tagwayenta a kan mutum biyar.

Ni dai ta hannu nake sawa, kuma abin da wasu ke kira aibinta shi ya sa nake son ta. Ɗauki ƙube ko zanna ta gaske ka kai ta kusa da ido. Za ka ga wani gida ya ɗan fi maƙwabcinsa faɗi, wani layi ya ɗan karkata kafin ya dawo hanya, wani wurin zaren ya ƙare an sa sabo mai ɗan bambancin duhu. A wata tsohuwar hulata har alamar biron da aka zana ta da shi tana nan a ƙarƙashin zare. Mutum ne ya zauna da allura makonni, wani lokaci watanni, yana ɗinki yana hira yana tashi salla. Ga ƙananan hujin da allura ke bari, kai na shan iska a zafin bazara. Kuma tana jure wanki: mai wankin hula ya sa mata sitaci, ya ɗora ta a kan itacensa ta bushe, ta dawo kamar jiya aka gama ta.

Sunan da ya fi tsada a wannan harka shi ne Bama, garin da ke jihar Borno. Bayan Boko Haram ta kama garin a 2014, maɗinka da yawa sun gudo Maiduguri, suka ci gaba da sana'ar har a sansanonin 'yan gudun hijira. Wannan sunan ne macuta suka maƙale wa. Yanzu kowace hula 'yar Bama ce a bakin mai sayarwa.

Ni ma an taɓa yi mini. Wata jajibirin Sallah, bayan magariba, wani mai talla ya tsare ni: “Alhaji, wallahi 'yar Bama ce, jiya ta iso.” Na biya kuɗin ta hannu. Ranar idi zufa ta karyo mini a filin salla, jan zaren ya zuba, ya bi goshina har wuyan farar shaddata. Da na juya cikinta a gida sai na ga aikin inji ne tsaf.

Saboda haka kada ka sayi hula da dare ko ƙarƙashin fitilar shago. Fito da ita rana. Juya cikinta. Ta hannu za ka ga ƙulli nan da can da bakin zare a warwatse, ta inji kuwa bayanta sumul, zare ɗaya yana bin layi ba tangarɗa. Jiƙa farin hankici ka goga a inda launi ya fi duhu, in ya kama, ajiye musu kayansu. Duba saman daban, jikin daban, don akwai masu haɗa saman hannu da jikin inji su sayar a kuɗin ta hannu. Wadda ta sandare kamar kwali, sitaci ne aka lafta don a ɓoye yadi marar kauri. Akwai kuma kwance, tsohuwar hula da aka wanke aka sa a leda. Leƙa bakinta ta ciki inda take taɓa goshi, tabon mai ba ya fita duka.

Masu saye ta WhatsApp, hoton gaba kaɗai ba ya isa, ku ce a turo bidiyon cikinta kafin ku tura kuɗi. Kuma ku auna kai da tef tukuna, don mai lamba 22 da rabi in aka kawo masa 23, kan kunnuwansa za ta zauna.